Ƙullin Gefen Mayafin Yaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Yayata ta rasu a Bawku da hantsi, ni kuwa ina Salaga a ƙofar gida lokacin da wayar ɗanta ta same ni. Ban samu jana'iza ba. Na bi ta Tamale, na wuce Savelugu, na kai Bolga, a nan aka ce babu motar da za ta shiga Bawku sai da rakiyar sojoji. Muka yi ta jira a Zebilla, mota bayan mota. Da na isa, ƙasar kabarinta har ta fara bushewa.

Na zauna a rumfar ta'aziyya ina karɓar gaisuwa. Wani ɗan ƙabilar Moshi mai fataucin shanu ya ce shekarunsa da yawa yana sayen goro a wurinta, ba ta taɓa cusa masa ruɓaɓɓe a ƙasan huhu ba. Maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Kusasi ta zo ta zauna a bakin zaure, ta tashi ta tafi, can ta dawo da ƙwaryar gero. Malamin makarantar unguwa ya ce yanzu bai san yadda zai dubi gindin mangwaron ƙofar makaranta ba. Amma maganar da ta tsaya mini a rai ita ce ta tsohuwar da ta yi mata wanka. Ta ce da suka ɗaga mayafinta sun ji ƙulli a gefe, suka ɗauka kuɗi ne ko goro. Da suka kwance sai ga ƙwayoyin sukari a naɗe cikin leda. Ta ce duk wankan babu wadda ta zubar da hawaye a cikinsu sai da aka kwance wannan ƙullin.

Wanda bai san ta ba zai ce tsohuwa ce mai kwaɗayin zaƙi. Yaya ko shayi ba ta sha da sukari. Ƙullin na jikarta ne, 'yar ɗanta, wadda ciwon suga ya kama tun tana ƙarama, irin na yara, wanda sai da allura kullum. Saboda wannan ƙullin nake rubutun nan, don kada a tuna da Yaya a matsayin Hajiya mai goro kawai.

Mu 'yan Salaga ne, gidan fataken goro. Ita ce babba, ni ne auta, kuma har gemuna ya yi fari ba ta daina kirana Auta ba. An kai ta aure Yendi, da mijinta ya rasu ta bi ɗanta Bawku inda yake cinikin hatsi. A zamaninta mace ce da ta ci ƙafar kare. Yau tana Kumasi wajen goro, jibi tana bakin iyakar Togo, wani makon ka ji an gan ta a Wagadugu tana ciniki da Moshi cikin harshensu. Ni da na yi tuƙin babbar mota rabin rayuwata, sau da yawa a tasha muke haɗuwa, ta karɓi kuɗin abincina ta ce ban iya ciniki ba. In an ce ta huta, sai ta ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Wannan matar ce ta yi shekarunta na ƙarshe tsakanin tsakar gida, ƙofar makaranta da asibiti.

Da aka gano ciwon yarinyar, gidan ya yi abin da kowane gida zai yi. An ce suga, to sai a kori suga. Yaya da kanta ta tattara sukarin gidan ta kulle a gwangwani, ta bi masu tireda na layin ta gargaɗe su kada wanda ya sayar wa jikarta alewa. Wata safiya uwar yarinyar ta yi mata allura ta wuce kasuwa, aka miƙa wa yarinyar koko babu sukari, ta kurɓa ta ture, ta fita wasa. Kafin rana ta take sai ga ta ta dawo tana fushi ba dalili, gumi ya jiƙa mata goshi, hannunta yana rawa, tana kuka tana roƙon alewa. Yaya ta hana. Don ƙauna ta hana. Can yarinyar ta zame ta faɗi, ido ya juye. Mata suka taru, wannan ta ce iska ce, waccan ta kawo rubutu za ta ɗura mata. Allah Ya kawo wani maƙwabci mai babur, ya ce a bar ɗure-ɗure, a hau.

A asibiti aka sa mata ruwan suga ta jijiya, ba a daɗe ba ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Yaya ta ba ni labari cewa a nan ta zauna a ƙasa, domin abin da ta kulle a gwangwani shi ne aka ɗura wa yarinyar ta farfaɗo.

Wata nas ta zauna da ita ta yi mata bayani a hankali, rabi da Hausa rabi da Kusaal, yaren Kusasi. Ta ce allurar tana sauke sugan jini, in aka yi ta abinci bai biyo baya ba, ko yaro ya yi guje-guje da yawa, sai sugan ya faɗi fiye da kima. Alamarsa rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, fushi ko shirme a magana. In an ga haka a ba ta ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko cokalin zuma, ko rabin kofi na lemo mai zaƙi. Ban da ƙosai ko gyaɗa a wannan lokacin, domin abu mai maiƙo ba ya saurin shiga jini. A jira kamar kwatan awa, a gwada jinin, in bai tashi ba a ƙara. In ta dawo daidai sai a bi da abinci mai riƙe ciki. In kuwa ta suma, kada a zuba mata komai a baki, zai iya sarƙe ta. A kwantar da ita ta gefe, a garzaya asibiti.

Yaya ba ta yi boko ba, amma ta haddace wannan kamar Fatiha. Ba ta da agogo, sai ta auna jiran da zagayen carbinta, ta san iyakar da za ta ja kafin a sake huda yatsa. Daga baya ta taƙaita duk bayanin a magana ɗaya da kowa a layin ya sani. Ta ce ciwon nan baƙi biyu yake kawowa, na sama da na ƙasa, wato hawan suga da faɗuwarsa. "Na sama yana sallama," in ji ta, "na ƙasa ba ya sallama."

Daga ranar ta kwance goron da ke gefen mayafinta ta ɗaura sukari. Da haƙori take ja ƙullin ya ɗauru. Kowane mayafi nata yana da nasa, har na salla. Maganin allurar kuma tana ajiye shi cikin tulun ƙasa a ɗakinta, saboda wuta ba ta da alkawari.

Rigimar Yendi ta biyo baya. An yi biki a gidan mijinta marigayi, ta tafi da yarinyar. Na ci abinci a gidajen Asante, na ci a gidajen Moshi, na ci a Kano, ko'ina yaro yana jira manya da baƙi su fara, amma ban ga inda ake riƙe wannan da ƙarfi kamar gidajen Dagombawan Yendi masu daraja ba. Gida ne da yaro ke durƙusawa ya amsa gaisuwa da "naa" har sai babba ya gaji. An yi wa yarinyar allura bisa cewa abinci ya kusa, sai aka ce a dakata, dattawa ba su gama zuwa ba. Yaya ta ga goshin yarinyar ya fara sheƙi. Ta ba ta sukari, ta ja carbi, sannan ta miƙe ta tafi inda aka jera kwanukan dattawa, ta buɗe na maigida, ta yanki tuwo ta zuba miya ta kawo mata.

Uwargidan wan mijinta, wadda ke riƙe da gidan, ta tsaya a kanta a gaban mata.

"A wane gida aka haife ki, da yaro ke rigan manya sa hannu?"

Yaya ba ta ɗaga murya ba. "A gidan da ba a binne yaro don a yi wa manya ladabi."

Wasu suka ce ta yi rashin kunya, wasu suka ce ai ita da ma 'yar Zongo ce, unguwar baƙin fatake, tarbiyyar kasuwa. Kashegari ta ɗauki jikarta ta hau mota. Ba ta ƙara taka Yendi ba, ba kuma don fushi kaɗai ba. Ta gane cewa duk gidan da ba nata ba, ba ita ke da iko da lokacin tukunya ba. Daga nan ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna mai nisa, ta sallama Kumasi. Cinikin goron ya koma tire ɗaya a gindin mangwaron ƙofar makaranta, inda take zama daga safe har a tashi, idonta a kan tagar aji.

Sai kuma garin ya shiga shekarun rashin zaman lafiya. Dokar hana fita, hanya a buɗe yau a rufe gobe. Tsinken gwajin jini yakan ƙare, a rasa mai kawowa daga Bolga, sai ta koma gwaji da ido da tafin hannu. Wata rana da rana tsaka aka ji harbi ta wajen kasuwa, mutane suka watse. Malamai suka shigar da yara aji suka kulle ƙofa, ita ma ta bar tiren ta bi su. Suka kwanta a ƙasa, an hana kowa leƙa taga. Lokacin abinci ya zo ya wuce. Yara suka fara kukan yunwa. Jikarta ta fara rawar hannu, Yaya ta kwance ƙullin ta sa mata a baki, sauran yara suna kallo. Wata ƙaramar yarinya ta matso ta miƙo hannu ta ce, "Kaka, ni ma." Yaya ta duba abin da ya rage, ba ta san ko za a buɗe ƙofar kafin la'asar ko sai gobe ba. Ta ɗaure ƙullin ta juya fuska.

Ta faɗa mini cewa a duk rayuwarta ba ta taɓa hana yaro abin da ke hannunta ba sai ranar, kuma hannun yarinyar nan bai bar idonta ba. Tun daga nan mayafinta ya zama mai ƙulli biyu. Gefe ɗaya sukarin jikarta, ɗaya gefen ƙuli-ƙuli da biskit na 'ya'yan mutane. Duk yaron makarantar ya san wane gefe ne nasa, kuma babu wanda ya taɓa kai hannu ɗayan.

Ni ma na yi rigima da ita. Ɗan'uwanmu da ke tsakanina da ita ya rasu a Salaga, ba ta zo ba. Ta aiko da goro da kuka ta waya. Bayan sadakar arba'in na tafi Bawku da fushina. Na ce mata ta ɗaure kanta ta ɗaure yarinyar. Na ce na ga yara masu irin wannan ciwo a Kumasi, na ga wani a Wagadugu, suna yawo da sukarinsu a aljihu, sun san jikinsu, suna zuwa makaranta su kaɗai. Na ce yarinya tana girma, ba ta taɓa zuwa ko gidan ƙawa ba tsohuwa a bayanta. Na tambaye ta, ranar da ba ta nan fa?

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Auta, kai yaran mutane ka gani ta tagar mota. Ni tawa na gani a ƙasa, ido a juye, tana roƙona alewa na hana ta."

Ta zuba mini tuwo, ta zauna ta juya mini baya har na gama ci. Mun jima muna gaisawa sama-sama bayan wannan. A hanyar komawa na yi ta tunani, na ga duk inda ta juya bango ne. In ta saki yarinyar tana tsoron na ƙasa, in ta riƙe ta tana tsoron ranar da hannunta zai saki da kansa. Garin ma bai ba ta wata ƙofa ba.

Wannan tambayar tawa ce ta zauna tare da mu a rumfar ta'aziyya, ko da yake babu wanda ya furta ta. Ɗanta yana kasuwar hatsi wuni, matarsa ita ke allura amma ita ma sai ta fita nema. Yarinyar ta kai shekarun da ake cewa ta fara hankali, amma ba ta taɓa wuni ba kakarta kusa. Na lura tun da na zo tana yafe da mayafin marigayiya, ya yi mata yawa, tana ta janyo shi.

Ranar sadakar bakwai aka dafa shinkafa da wake tun safe. Da azahar ta gabato uwar ta ja ta ɗaki ta yi mata allura, ganin an sauke tukunya. Ana shirin rabawa sai ga motar mutanen Yendi, waɗanda aka tsare a hanya tun asuba suna jiran rakiya. Suka shigo a gajiye, da ƙura da yunwa, a gabansu uwargidan nan ta wan mijin Yaya, ta tsufa tukuf, ana riƙe da hannunta. Babu wanda ya yi shawara. Baƙi sun zo daga nesa, abinci nasu ne da na malamai, 'yan gida su jira tukunya ta biyu. Uwar yarinyar ta durƙusa gaisuwa, daga wannan suruka zuwa waccan, kuma a gidan mutuwa suruka ba ta tashi sai an sallame ta. Aka sa yarinyar zagayawa da buta tana zuba wa baƙi ruwan wanke hannu.

Daga inda nake zaune a bakin zaure ina hango tsakar gida. Na ga ruwan butar yana zuba a gefen kwano maimakon ciki. Wata daga cikin baƙin ta ce mata ta kula mana. Yarinyar ta tsaya. Ta shafa goshinta ta dubi tafin hannunta. Ta waiwaya wajen ƙofar ɗakin kakarta, ɗakin da aka rufe, ta ɗan jima tana kallonsa. Na yunƙura zan tashi, gwiwa ta tsufa ba ta tashi da sauri.

Ta ajiye butar a ƙasa. Ta zauna a tsakiyar mutane, ta janyo gefen mayafin, ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta zuba ƙwayoyin a baki. Wata baƙuwa ta ce, ashe ba ita ce mai suga ba, a karɓe mana. Maƙwabciyar nan 'yar Kusasi ta tare ta da hannu, ta ce da Hausarta ta Bawku, "Bar shi, ya san abin da yana yi."

Yarinyar ta ciro carbi daga wuyanta ta fara ja. Uwarta ta taso da gudu da na'urar gwaji, yarinyar ta ɗaga mata hannu alamar a jira, ba ta kai ba tukuna. Da ta kai inda kakarta ke tsayawa, ta miƙa yatsa aka huda. Uwar ta duba, ta sauke numfashi.

Sai yarinyar ta miƙe, ta ɗauki ƙaramin kwano, ta nufi tabarmar baƙi inda aka ajiye babban kwanon shinkafa a gaban tsohuwar Yendi, ba a ko buɗe ba. Ta durƙusa har ƙasa yadda ake yi a can.

"Kaka, ku yi haƙuri. Sai na ci yanzu. Na ƙasa ba ya sallama."

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi mayafin. Ta tambayi na kusa da ita da Dagbani ko wannan ce yarinyar bikin nan, aka ce ita ce. Ta buɗe kwanon da kanta, ta cika wa yarinyar nata, ta ɗora nama. Ta ce ta zauna nan kusa da ita ta ci. Ita kuwa ba ta sa hannu ba sai da yarinyar ta kai loma ta uku.

Da yamma uwar ta ba ni labarin abin da ban sani ba. Ta ce tun bayan zuwana na rigima, Yaya ta fara sa yarinyar ta riƙa faɗin abin da take ji a jikinta kafin a gwada, in ta canka daidai ta ce ƙawata ta ci. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, kullum sai ta sa yarinyar ta kwance ƙullin ta sake ɗaurawa a gabanta, ta ce bai ɗauru ba, a sake. Yaya ta kuma ce kada a faɗa wa Auta, kansa zai kumbura. Amma duk da haka, in ji uwar, har ranar da ta kasa tashi ba ta fasa zuwa gindin mangwaro ba.

Ina rubutun nan a Bawku, domin an sake rufe hanya, ba mu san ranar fita ba. Mutanen Yendi ma suna nan tare da mu, tsohuwar ita ke tambaya kowace rana ko yarinyar ta ci kafin a kai mata nata. Tsinken gwaji saura kaɗan. Ciwon yana nan inda yake, allura safe da yamma, kuma ba wanda ya ce mana akwai ranar da zai tafi. Na ɗauki ƙullin nan a tafin hannuna na auna, bai kai nauyin goro ɗaya ba, amma shi ya zaunar da matar da ba ta iya zama ba, ga shi yanzu ya koma wuyan yarinya.

Ɗazu kafin lokacin hana fita yarinyar ta zo ta ce, Kaka na Salaga, ba ni kuɗin sukari da na ƙuli-ƙuli. Na ce sukarin na gane, ƙuli-ƙulin fa? Ta ɗaga ɗayan gefen mayafin ta nuna mini, babu komai a ciki. Ta ce ran Litinin za ta koma makaranta, kuma yara za su tambaya.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe mata, Ya yalwata mata makwancinta fiye da duk hanyoyin da ta bari saboda yarinyar nan. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.